Satin da Mama Ta Daina Gardama

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin gari ya waye a gidanmu na Kakuri ba tare da Baba da Mama sun yi gardama ba. Ba faɗa nake nufi ba, a fahimce ni. Ban taɓa jin ya zage ta ba, ita kuma ko sau ɗaya ba ta yafa gyale da sunan yaji ba. Gardama ce zalla, marar kai marar gindi. Idan Baba ya dubi sama ya ce yau akwai ruwa, sai Mama ta kwaso wanki ta shanya a tsakar gida. Idan ta ce kokon yau ya yi kauri, sai ya ce wannan tsululun, alhali ga ludayi nan tsaye a ciki. Mu 'ya'yansu da wannan muka tashi, har muka daina jin ta, kamar yadda muka daina jin jirgin ƙasan da ke wucewa ta bayan unguwa.

Baba ma'aikacin masaƙa ne. Shekara talatin ya yi a sashen duba yadi. Aikinsa ya tsaya gaban wani dogon tebur mai fitila a ƙasansa, yadi yana wucewa, shi kuma yana bin sa da ido da tafin hannu, yana neman inda zare ya tsallake ko ya yi ƙulli. Ya ce ido yana yin ƙarya, amma tafin hannu ba ya yi. Akwai lokacin da Turawan masaƙar suka kawo wata na'ura mai gano aibin yadi daga nesa, Baba ya bi bayanta da hannu ya tsinto abin da ta bari. Wannan labarin na ji shi ya fi sau ɗari, kuma duk lokacin da ya ba da shi yawan aibin da ya tsinto sai ya ƙaru. Mama ce ke riƙe masa da ainihin adadin, tana tuna masa a gaban baƙi.

'Yan shekaru bayan soja sun koma bariki, masaƙar ta rufe. Abin da ya rage wa Baba shi ne rediyo da 'yan siyasa. Da safe zai kafa kujera a ƙofar ɗaki, ya ji 'yan majalisa sun sake ba hammata iska, ya tashi tsaye yana yi wa rediyon faɗa da yatsa. In Mama ta ce ai gara soja, nan take zai zama ɗan rajin farar hula. In ta ce a yi wa farar hula uzuri, ba su daɗe da hawa ba, sai ya tuno mata da duk alherin da soja ba su taɓa yi ba. Ranar Asabar kuma aikin ya koma hannun amininsa, wani ɗan Filato da muke kira Dattijo, saboda dattijon coci ne. Tare suka yi masaƙa, shi yana kan injinan saƙa. Da maƙwabcinmu ne katanga ɗaya, sai rikicin da ya raba garin nan biyu ya mayar da shi Sabon Tasha. Duk da haka kowace Asabar sai ya hawo bas ya zo, su zauna a zaure su ɗora daga inda suka tsaya. Baba ya ce duk ɓarnar yadi daga injinan Dattijo take fitowa. Dattijo ya ce Baba ƙirƙiro aibi yake yi don kada a gan shi a zaune.

Ana haka zuciyar Baba ta kawo ƙara. Jijiyoyin da ke kai mata jini suka toshe, babban yayanmu ya yi ruwa ya yi tsaki ya kai shi Indiya, aka buɗe ƙirjinsa aka yi masa sababbin hanyoyi uku. Biyu daga cikinsu da jijiyar da aka ciro daga ƙafarsa ta hagu aka yi su. Ya dawo da dogon tabo a ƙirji, wani a ƙwauri, da kuma wata fahimta tasa shi kaɗai. Ya ce jijiyar ƙafa da tafiya ta saba, in aka zaunar da ita za ta lalace, don haka dole a bar shi ya yi yawo. Mama ta ce jijiyar ta samu ƙarin girma, ta koma ofis, ba ta buƙatar gantali.

Shekara ɗaya da rabi lafiya lau. Sai ya fara dafe ƙirji bayan cin abinci, yana cewa ba komai. Ni a lokacin ina aure a Unguwar Sanusi, ina koyarwa a firamare, kullum sai na haye gada na leƙo su. Ni na tasa su gaba zuwa wajen likitan zuciya, wani siririn mutum mai haƙurin tsiya.

Likita ya ce dole a duba a gani ko sababbin hanyoyin nan suna nan a buɗe. Hanyar da aka saba ita ce a zura siririn bututu ta gindin cinya har ya isa zuciya. Bai rufe baki ba Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa. An yi masa wannan a Indiya kafin aiki, kuma ciwon bai dame shi ba kamar yadda wasu 'yan mata sa'o'in autarsa suka yaye masa zane suka aske shi suna hira da yarensu. Ya rantse da girman Allah ba za a sake ba, ko da kuwa ita ce ajalinsa. Kuma duk wanda ya san Baba ya san in ya rantse an gama.

"Zauna, Baba," in ji likita. "Akwai wata sabuwar na'ura a Abuja. Ba yanka, ba bututu. Allura kawai za a yi maka a hannu, ka kwanta, ta ɗauki hoton jijiyoyin daga waje."

Baba ya zauna da rabin jiki. "Tana taɓawa?"

"Ba ta taɓawa."

"To me ta duba?"

Likita ya yi murmushi, ya ce tambayar tana kan hanya. Ya ce in na'urar ta ce hanya a buɗe take, da wuya ta yi kuskure. In ta ce hanya ta tsuke, wani lokaci takan zuzuta, sai an tabbatar. Amma tana da sharaɗi guda: zuciya ta riƙa bugawa a hankali. In tana gudu hoton zai fito dishi-dishi, ba wanda zai iya karanta shi, sai a koma maganar bututu. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce ranar tafiya ban da goro, ban da shayi mai ƙarfi, kuma a tabbata hankalinsa a kwance yake.

Ka ji abin da likita ya faɗa ke nan, ba ƙari. Amma abin da Mama ta ji daban ne. Ita ta ji cewa in ran mijinta ya ɓaci ko sau ɗaya cikin kwana bakwai ɗin da suka rage kafin tafiya Abuja, hoto zai lalace, za a ce bututu, shi zai ce ya rantse, daga nan sai mu zuba ido jijiya ta toshe ba wanda ya sani. Ta kira ni ɗakin girki, ta aika aka kirawo Dattijo tun daga Sabon Tasha ranar da ba Asabar ba, ta kafa mana doka.

"Daga yau duk abin da Malam ya ce, a ce masa haka ne."

Dattijo ya dube ta. "Ko ya ce ni na rufe masaƙa?"

"Ko ya ce kai ka haƙa kogin Kaduna."

Zan so in ce na hana, ni da na yi karatu har ina koya wa 'ya'yan mutane. Ina! Ni na fi kowa zaƙewa. Ni na cire wa rediyo batir, na ce masa ta lalace, na kai ta gidana na ɓoye a cikin kwalla.

Ranar farko Baba ya ji daɗi. Ya dubi sama, tas take ko gajimare ɗaya babu, ya ce yau akwai ruwa. Mama ta ce, "Haka ne, Malam," ta je ta kwashe shanyarta da ɗanyenta. Ya bi ta da kallo, ya gyara zama, yana shafa gemu irin na wanda gaskiyarsa ta yi halinta bayan shekara arba'in.

Rana ta biyu ya fara tsarguwa. Ya ce miya ba gishiri. To gishirin ai likita ne ya rage masa tun dawowarsa daga Indiya, kuma kullum ya faɗi haka sai ta karanta masa tarihin ciwonsa tun daga farko. Ranar sai ta ce, "Yi haƙuri, laifina ne." Cokali ya tsaya masa a hanya. Ni kaina da nake cikin shirin sai da na waiwayo na dube ta, don ban taɓa sanin bakin Mama ya iya haɗa waɗannan kalmomi wuri ɗaya ba.

Daga nan ya shiga gwaji, irin na mai duba yadi, yana matsa nan yana matsa can. Ya ce mutanen Zariya ba su iya tuwo ba, kuma ita 'yar Zariya ce gaba da baya. Ta ce haka ne. Ya ce ƙaninta na Tudun Wada malalaci ne, ta ce ai kowa ya sani. Rana ta huɗu ya fito da babbar bindiga. Ya ce daddawar marigayiya mahaifiyarta, wadda ake zuwa saya tun daga Samaru, shi dai bai taɓa jin daɗinta ba, kara ce kawai yake yi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga jijiyar wuyan Mama ta miƙe. Ta damƙi bakin zanenta har yatsunta suka yi fari. Ta ce, "Haka ne, Malam, wari gare ta." Ta shige ɗakin girki ta kama daka barkonon da ba wanda ya ce yana bukata, turmin nan ya sha wuya.

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin girkin, sannan ya tashi ya shiga ɗakinsa.

Asabar Dattijo ya zo ya ƙarasa ɓarnar. Ina kai musu ruwa na ji Baba yana cewa, cikin wata murya marar ƙarfi, "Duk yadin da ya lalace a masaƙar nan, daga injinanka ne."

Dattijo ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ni ne."

"Har wanda aka saƙa kana hutu?"

"Har shi."

Can Baba ya kamo hannun Dattijo ya riƙe da hannu biyu, ya ce duk abin da ya taɓa yi masa, na sane da na rashin sani, yana roƙon ya yafe masa. Ya ce akwai ranar da ya mayar masa da bandir guda na yadi mai kyau don kawai sun yi musu da safe. Dattijo, wanda ya shekara ashirin yana jiran wannan iƙirari, ya buɗe baki zai yi magana, ya hango Mama ta labule tana zare masa ido. Ya ce, "Ba komai, ai na cancanta." Da zai tafi na raka shi bakin titi, ya ce mini shi kam wannan aikin ya fi azumin kwana arba'in wuya.

Ni sakarai sai na ɗauka shirinmu yana ci. Baba ya yi laushi, ba ya faɗa, ba ya neman rediyo. Ya bi maƙwabta gida-gida yana gaisuwa. Ya kira ni ya sa mini albarka ba dalili, ya ce in riƙe ƙannena. Na koma na gaya wa Mama cewa hankalinsa ya kwanta ƙwarai, muka taya juna murna.

Ana gobe tafiya na same shi da hantsi a bakin taga, ya ɗaga wani farin yadi yana hasko shi da rana, yana bin sa da tafin hannu. Gefensa ga wasu guda biyu ya ture. Ashe ya sa wani mai shago ne a kasuwar Kakuri ya kawo masa kala uku ya zaɓa.

"Dubi nan," ya ce mini. "Zare ya tsallake. Nan kuma ƙulli. Wannan duk na waje ne, ba wanda ya sa masa hannu. Da a tebur ɗina ne, ko ƙofa ba zai gani ba."

Na ce, "Baba, riga za ka ɗinka?"

Ya dube ni wani iri, ya ce, "E, riga." Na ce Allah ya sa a kashe lafiya, na wuce abina. Har yau in na tuna wannan addu'ar sai in ji kamar in nutse.

Da sassafe muka kama hanya a motar wani abokin mijina, Baba a gaba, ni da Mama a baya. Ba goro, ba shayi, ba magana. Da muka iso Gonin Gora, inda masu burodi da masu doya ke rufe mota, Baba ya ce a tsaya. Bai sayi komai ba. Ya fito ya tsaya a gefen titi, ya juya yana kallon Kaduna, hannu a baya, masu talla suna tura masa ayaba a fuska. Lokaci yana tafiya, an ba mu ƙarfe goma. Na san abin da ke cin Mama, don ita a duniya ba abin da ta tsana kamar latti. Direba ya waiwayo yana neman agaji. Ta ce, "Ƙyale shi, Malam yana son ya sha iska." Baba ya ji ta. Ya dawo ya zauna, na ga yana share ido da hannun riga, na ce a raina hayaƙin tirela ne.

A asibitin Abuja aka sa masa wata riga mai igiya a baya, aka kwantar da shi a wani ɗan ɗaki kusa da na na'urar, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Ma'aikaciyar jinyar 'yar Binuwai ce, kakkaura mai fara'a, Hausarta rabi da rabi. Ta nuna mana wani gilashi da lamba ke tsalle a kai, ta ce bugun zuciyarsa ke nan, ana son ya sauko ƙasa da saba'in. Lambar tana casa'in da wani abu. Aka ba shi ƙwaya, muka jira. Ta sauko kaɗan ta koma. Aka ƙara masa wata. Mama ta matso tana yi masa fifita, tana cewa, "Sannu, Malam. Sannu, ranka ya daɗe." Wallahi ina kallo, duk sannun da ta yi sai lambar ta ƙara ɗagawa.

Likitan na'urar ya leƙo sau biyu. A na biyun ya ja ni gefe, ya ce ba zai iya ƙara magani ba, kuma a haka hoton ba zai yi amfani ba. In nan da rabin sa'a bai sauka ba, sai dai mu koma Kaduna a yi maganar bututu. Na tsorata ƙwarai, don na san rantsuwar Baba, na kuma san ba abin da ya rage mana bayan wannan.

Ma'aikaciyar ta ce a kawo takardun aikin Indiya likita ya ƙara dubawa kafin nan. Suna cikin jakar Baba. Mama ta zuge jakar, ta ɗaga rigarsa, ta ɗaga dardumar salla. Sai ta tsaya. Ta zaro farin yadin nan a ninke, ga 'yar kwalbar turare a cikinsa, ga wata takarda an rubuta sunayen waɗanda yake so su yi masa wanka.

Ta ɗaga shi sama. "Malam, mene ne wannan?"

Baba ya rufe ido. "Kin fi ni sani. Ba sai kun ci gaba da ɓoye mini ba. Na san abin da likita ya gaya muku."

"Me ya gaya mana?"

"Shekara arba'in da uku ba ki taɓa ce mini haka ne ba. Yanzu sati guda ke nan kina ce mini haka ne. Har daddawar Inna kika ce tana wari. Mutum ba ya samun irin wannan sai in an gama da shi."

Na ga Mama ta ajiye yadin a hankali. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ja shi gaba. Duk ɗan da ta haifa ya san wannan alama, ni har na ja da baya na jingina da bango.

"Likkafani," ta ce. "Likkafani ka ɗauko mana a mota, muna zaune a kansa tun daga Kaduna? Kai yanzu saboda Allah da girmanka? To bari ka ji. Arba'in da huɗu ne, ba da uku ba, ko lissafin aurenka ba ka iya ba. Kuma daddawar uwata, kai har ka isa? Wa ke lashe kwano har sai an ƙwace? Wa ya ɓoye ƙulli uku a aljihun babbar riga ranar sunan wannan yarinyar, coci da masallaci ana jin ƙamshinka? Tuwon Zariya kuwa shi ya yi maka wannan tumbin da likitocin Indiya suka sha wahalar ratsawa!"

"Ni ban ce..."

"Ka ce! Ranar Laraba ka ce, da bakinka, kana zaune a kan tabarmar da na hana ka fitarwa. Kuma ran Litinin ka sa na kwashe shanyata da ɗanyenta, zannuwana har yau warin ruma suke yi, ina ruwan da ka ce za a yi? Ina yake?"

Baba ya buɗe ido ɗaya. "An yi a Kujama."

"A Kujama nake shanya?"

Ni ina can ina salati a zuci, ina cewa shi ke nan, ta kashe shi. Sai na ji ma'aikaciyar nan ta taɓa ni, ta nuna gilashi da haɓa. Tamanin da biyu. Saba'in da tara. Mama ta tsaya jan numfashi, ma'aikaciyar ta ce, "Mama, abeg, ci gaba. Kar ki tsaya."

Ai ba sai an roƙe ta ba. Kayan sati guda ne a cikinta, ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Ta wanke ƙaninta na Tudun Wada. Ta ce Dattijo ya fi shi gaskiya a maganar yadi, kuma tun a wancan lokacin ta sani. Nan Baba ya yunƙura zai tashi zaune, wayoyi suna reto, yana cewa a kirawo Dattijon a gabansa, ya janye yafiyar da ya nema. Fuskarsa ta dawo da jini. Kafaɗunsa da suka kwana bakwai a ɗage suka sauka. Lamba ta nuna sittin da shida, ma'aikaciyar ta kwasa da gudu ta kirawo likita, aka tura gadon Baba yana waiwaye yana cewa maganar ba ta ƙare ba.

Aikin kansa bai kai tsawon sallar azahar ba. Aka yi masa allura, ya ce ya ji ɗumi ya bi jikinsa, aka ce ya riƙe numfashi, gadon ya shiga cikin wani ƙaton zobe ya fito. Mun fi daɗewa a jiran sakamako.

Da la'asar likita ya kira mu ofishinsa, ya juyo mana da allon kwamfuta. Ya ce hanyoyi ukun duk jini yana bi. Ya nuna su ɗaya-ɗaya da bakin biro. A kan ta ukun ya tsaya, ya nuna wani ɗan wuri da ya yi haske kamar an ɗiga madara. Ya ce nan akwai 'yan ƙarafan da aka ɗaure jijiya da su lokacin aiki, suna kashe wa na'urar ido.

"Wannan ɗan wurin ban gan shi da kyau ba, Baba, kuma ba zan ce maka na gani ba. Amma ga jini kafinsa, ga jini bayansa, a cike. Hanyar da ta toshe ba ta yin haka. Ba ka bukatar bututu. Ciwon da kake ji bayan cin abinci, ina zargin daga ciki ne, likitanka na Kaduna zai duba."

Baba ya sa tabarau ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya sa aka juya masa hoton hagu, aka juya dama. Ya tambaya ko na'urar ce ta ce ba ta gani ba, ko likitan ne. Likita ya ce su biyun. Baba ya gyaɗa kai, ya ce a masaƙa wanda yake tsoro shi ne mai cewa ya ga komai. Ya ce wannan na'urar ba laifi, ana iya ba ta aiki, amma a ƙarƙashin wani.

Ni dariya nake yi, ta sauƙin da ya sauko mini. Ban lura da Mama ba sai da ta taso daga kujerarta ta zo gaban allon.

"Likita, wannan ita ce zuciyar tasa?"

"Ita ce, Hajiya."

"Ashe 'yar ƙarama ce." Ta kai yatsa kan gilashin, ta bi ɗaya daga cikin fararen layukan nan a hankali, daga sama har inda ya ƙare. Bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. "Wannan ce aka ciro daga ƙafarsa?"

"Ita ce."

"Ita kaɗai ke riƙe da shi? Wannan 'yar abar?"

Likita ya fara bayanin cewa ai su uku ne, kuma suna da ƙarfi. Ba ta saurare shi ba. Ta koma ta zauna, ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Ni tun da nake ban taɓa ganin hawayen Mama ba, ko ranar da aka tafi da shi Indiya tsayawa ta yi tana faɗan an manta da silifas ɗinsa. Na rasa abin yi. Baba ma ya rasa. Ya cire tabarau ya mayar, ya dubi likita, ya dubi silin, kunya ta kama shi a gaban baƙo.

"Ba kuka take yi ba, likita," ya ce. "Sanyin ɗakin nan ne, yana sa ta mura."

Daga cikin gyalen Mama ta ce, "Kuka nake yi."